Jarin da Ba Ya Shiga Lissafi

A kowace majalisa akwai gardamar da ba ta tsufa. Da zarar wata dalleliyar mota ta gifta, ko aka ji wane ya sayi gidan kan kwana zai rushe ya tayar da bene, sai baki ya rabu. Wani ya ce rabo ne kawai, ai mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa. Wani ya ce ina, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Can gefen tabarma kuma akwai na uku, wanda ba ya ɗaga murya, sai dai ya taɓe baki ya ce, "Ku dai ba ku san me ya taka ba." Ana cikin haka ladan ya kira sallah, a watse, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Gardamar ta ƙi ƙarewa ne saboda kowa a cikinsu yana riƙe da guntun gaskiya. Akwai rabo, akwai gumi, akwai kuma waɗanda ta karkatacciyar hanya suka tara. Amma in mutum ya bi tarihin kasuwancin ƙasar Hausa a tsanake, ya kuma zauna da masu sana'a da ma'aikata ya ji yadda suka faro, zai tarar da wani abu na huɗu da ba a cika ambatonsa ba. Kusan duk wanda ya zama wani abu, akwai ranar da wani ya miƙa masa abin da yake tsoron rasawa: kaya bashi, ko makullin shago, ko kujerar aiki, ko 'yarsa. Tambayar da ta fi amfani ke nan: me ke sa mutane su yarda da wani har su saki nasu a hannunsa, kuma me yake yi da shi bayan sun saki?

Arziki a bakin Bahaushe

Kalmar arziki ta fi kuɗi faɗi. Akan ce "yaron arziki" ga wanda ko sisi ba shi da shi, a ce "an yi abin arziki" a bikin da ba a kashe komai ba sai mutunta juna. Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960 tana nazarin rayuwar manoma, ta lura cewa da wannan kalma mutanen garin ke fassara tazarar da ke tsakanin magidanta biyu masu noma ƙasa ɗaya a damina ɗaya: wannan rumbunsa ya kai shi baɗi, wancan tun kafin shuka ya fara ƙwadago a gonar wani.

Wannan fahimta tana da amfaninta. Tana rage hassada, tana karya girman kan wanda ya samu, tana ba wanda ya faɗi ƙarfin miƙewa. Inda take cutarwa shi ne in aka mai da ita bargo aka lulluɓa. Ɗan kasuwar da ya karye ya ce haka Allah ya so, ya faɗi gaskiya. Amma in ya tsaya nan, bai koma ya duba wa ya ba bashi, nawa ya ci daga uwar kuɗi, wane kaya ya saro bayan lokacinsa ya wuce ba, to ya biya kuɗin makaranta bai ɗauki karatu ba. Manoman da ke maganar arziki su ne dai ke kai taki gona a bayan jaki tun cikin rani. Kowane ɗan Islamiyya kuma ya san labarin Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina hannu rabbana, ɗan'uwansa mutumin Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa.

Makarantar fatake

Tun kafin zuwan Turawa fataken ƙasar Hausa ke zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro. Kasuwar Salaga ce matattara. Ayari yakan tashi da kanwa da kayan fata da tufafin rini a kan jakuna, ya shafe watanni a hanya ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, yana biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da ya ratsa ƙasarsu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi yin fice a wannan fatauci. Goro kuwa kaya ne mai shagwaɓa. In ba a yayyafa masa ruwa, a sauya ganye, a tsince mai sankara ba, huhu guda sai ya tashi a banza. Falke yakan koyi kula da ƙananan abubuwa tun kafin ya koyi lissafin riba.

Tsakanin Kano da Salaga babu banki, babu kotun da hukuncinta ya game hanyar. Abin da ya riƙe cinikin shi ne mai masauki a zango. Shi ke sauke falke, ya adana masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya tarar da wannan tsari da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960. Masu shanu sukan kawo dabbobi daga Arewa, a sayar wa mahautan gari bashi, mai masaukin, wato maigida, ya tsaya lamuni. In mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin ran da labari ya koma Arewa cewa kuɗin wane ya maƙale a gidan wane, ran nan gidan ya daina ganin baƙo. Jarin maigida sunansa ne. Haka abin yake a zangon Kumasi, haka yake tsakanin Alhazan Maraɗi da abokan cinikinsu na Kano da Katsina, inda kaya na miliyoyi kan ƙetare iyaka a kan magana ɗaya.

A wannan makaranta Alhassan Ɗantata ya yi karatu. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Ankara ta Ghana da kasuwancinta, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda sunanta ya bi shi har abada. Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, sai da ya fanshi kansa. Daga nan ya shiga fataucin goro, ya kuma kasance cikin na farko da suka gane cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas ya fi korar jakuna ta daji sauri da aminci.

Sai dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulki sun shimfiɗa shi ne da fatan auduga za ta riƙa kwarara zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ƙasarsu ta jigawa tana sonta, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta. Kamfanonin Turawa suka wayi gari da kuɗi a hannu amma ba su san ƙauyuka ba, ba su san wa za su ba kuɗi ya dawo ba. Dole suka nemi fataken goro, masu yara a kowace kasuwa. A 1918 kamfanin Niger Company ya jawo Ɗantata cikin sayen gyaɗa. Ya riƙa raba wa yaransa kuɗi tun kafin kaka su bazu cikin karkara, cikin 'yan shekaru ya wuce manyan attajirai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Har yau ana ba da labarin raƙuma 20 na kuɗin azurfa da ya kai ajiya lokacin da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929. Ya rasu a 1955.

A duba labarin da kyau. Zuwan dogo ba dabarar Ɗantata ba ce, wannan rabo ne, kuma duk mutumin Kano ya ga jirgin da idonsa. Waɗanda suka ci moriyarsa su ne waɗanda suka riga suka shafe shekaru suna tara mutanen da za a ba kuɗi su tafi ƙauye su dawo da buhu.

Yaron shago

Wannan makaranta ba ta rufe ba. Ka shiga Kantin Kwari da sassafe za ka ga ɗalibanta. Yaro ne ɗan shekara goma sha bakwai, ya riga maigidansa isowa, ya share shago, ya kakkaɓe atamfa, ya ɗauko dila daga sito a kafaɗa. Babu wanda ke zaunar da shi ya koya masa komai. Da hannu yake gane shadda mai kyau da ta bogi, da kunne yake gane mai tayi na gaske da mai jin farashi, da ido yake gane dillalin da ba a juya masa baya.

Wata rana da safe ya tsuguna gefen maigidan ya ce, "Alhaji, cinikin jiya akwai rarar dubu biyar. Na ƙirga sau biyu."

Alhaji bai ɗago daga wayarsa ba. "To, sa a aljihun tebur."

Bai yaba masa ba, bai ƙara cewa komai ba. Yaron ba zai taɓa sanin ko kuskure ne ko da gangan aka bar kuɗin ba. Amma bayan wata biyu aka aike shi banki shi kaɗai. Bayan shekara aka bar masa shago aka tafi Umara. Wata rana kuma Alhaji ya nuna masa wasu turame ya ce, "Ɗauki waɗannan ka zagaya da su. Ka kawo mini uwar kuɗi, abin da ya hau naka ne." Daga nan tebur, daga tebur rabin shago. Ran da ya fara zuwa sari da kansa, ba kuɗinsa ne ya sa aka ba shi kaya ba. An tambaya ne, "Yaron waye?"

Sai dai wannan tsari yana da ramin da ya kamata a faɗa. Ba shi da wa'adi. Maƙwabtanmu Ibo na Sabon Gari sukan yanke shekarun da yaro zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban iyayensa, in ya cika a sallame shi da jari. A wurinmu an bar abin ga imanin maigida. Mai tsoron Allah yakan yaye yara goma, su zama ƙarfinsa a kasuwa. Wani kuwa yaro zai yi furfura a shagonsa yana karɓar kuɗin cefane. Matashin da zai shiga hannun wani ya kamata ya yi bincike irin na neman aure: yara nawa wannan maigida ya taɓa yayewa, kuma ina suke yau?

Lokaci da hukuma

In ana yi wa matasa huɗubar neman na kai, ba a rasa ambaton Aliko Ɗangote, yadda yake sayar da alewa tun yana firamare. Gaskiya ne ya faɗi haka da bakinsa, amma a cika labarin. An haife shi a Kano a 1957, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma da rancen da ya samu daga kawunsa ya fara kasuwanci a 1977. Ya shiga kasuwa da sunan gidan da aka yi shekara da shekaru ana ginawa. Faɗin haka ba rage masa daraja ba ne, domin 'ya'yan attajirai nawa ne suka gaji fiye da haka suka cinye? Abin koyi a wurinsa shi ne yadda ya tashi daga shigo da sukari da shinkafa da siminti ya koma yin su a gida, har ya kai ga masana'antar siminti ta Obajana a jihar Kogi da matatar mai ta Lekki mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023. A nan ma akwai hannun hukuma: manufar gwamnati ta farkon shekarun 2000, wadda ta fifita masu yin siminti a cikin gida kan masu shigo da shi, ta share masa fage. Kuma ba duk abin da ya taɓa ne ya zama zinariya ba. Masana'antar tumatir ta Kadawa da aka buɗe a 2016 ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir daga gonaki.

Lokaci yakan buɗe ƙofa, yakan kuma rufe ta a fuskar wanda bai yi laifin komai ba. Dalar gyaɗar Kano ta ɓace a shekarun 1970, bayan farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 da kuma komawar hankalin gwamnati kan man fetur. Masaƙar Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, ta bar dubban magidanta a Kakuri ba aiki. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa da yawa sun zama kufai saboda rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri. Waɗanda suka rasa abincinsu a nan ba ragwaye ba ne. Duk mai cewa talauci lalaci ne kawai bai taɓa zama da tsohon ma'aikacin masaƙa ba.

Ko kwanan nan an ga irinsa. Bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a tsakiyar 2023, 'yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya da riba a takarda, suka koma sari suka tarar kuɗin ba ya sayen abin da suka sayar. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka gane da wuri cewa ba a auna riba da farashin jiya, da farashin sarin gobe ake aunawa, da kuma waɗanda masu ba su kaya suka ɗaga musu ƙafa saboda tsohuwar mu'amala. Ran da guguwa ta taso, wanda bai taɓa saɓa alkawarin biya ba shi ake ce wa, "Ɗauka, ka kawo in ka sayar."

Mai albashi

A fagen aikin ofis ƙorafin kowa ɗaya ne: sai kana da hanya. Ba ƙarya ba ne. Matasa da yawa sun gama bautar ƙasa sun yi shekaru suna yawo da takardu, suna kallo ana raba guraben aiki a falon manya. Amma hanya iyakarta ta shigar da mutum. A kowace ma'aikata akwai mutum ɗaya ko biyu da in suka tafi hutu aiki ke tsayawa: wanda ya san inda kowane fayil yake, wanda in ya ce rahoto zai fito Alhamis to zai fito, wanda in ya yi kuskure shi ke fara faɗa kafin a gano. Irin waɗannan ba kullum ake yi musu adalci wurin ƙarin girma ba, amma in shugaba ya sami canjin wuri su yake ɗauka ya tafi da su, in wani kamfani na neman mutum sunansu ake bayarwa a bayan idonsu.

Labarin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya nuna wani gefen. Tun yana yaro zanen mota ne abin da ke ransa. Ya sami gurbin karatun zanen gine-gine a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bar ta ya koma kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, abin da mutane da yawa za su kira ci baya. Daga nan hukumar ba da tallafin karatu ta jihar Sakkwato ta ɗauki nauyinsa zuwa Detroit a Amurka a 1990, ya kammala a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi, shi ne kuma ya zana siffar samfurin farko na motar nan mai amfani da lantarki, Chevrolet Volt. Ya zaɓi abu ɗaya ya nutse a cikinsa, bai bi sunan makaranta ba. Duk da haka sai da wasu suka sa hannu a takarda suka saki kuɗin jama'a a kansa. Gwaninta ce ta sa aka yarda da shi, yardar ce ta kai gwanintar inda za a gan ta.

Bayan katanga

Rabin kasuwancin ƙasar Hausa ba a ganinsa daga titi. Yana cikin gidaje, inda mata ke suyar ƙosai, da dakan fura, da ɗinkin hula, da saƙa, yanzu kuma da tallan atamfa da turaren wuta a WhatsApp. Goggota ta yi shekaru fiye da talatin tana matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma tana da gwangwanaye uku a ƙarƙashin gado. Na farko kuɗin gyaɗar gobe, na biyu zubin adashi, na uku na hidima. Na sha ganin an zo mata da larura, ta buɗe na uku ta juye duk abin da ke ciki. In bai isa ba sai ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri, wancan ba nawa ba ne, na sana'a ne." A lokacin ina ganin rowa ce. Da kwasar adashi ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu kayan ɗaki, ta sayi tumaki, kuma ita aka mai da uwar adashin unguwa, domin ba a taɓa zuwa ranar kwasa aka ji wani labari daga bakinta ba.

Wannan rabewa tsakanin aljihun gida da aljihun sana'a ita ce ta fi kashe ƙananan 'yan kasuwa in aka rasa ta. Zumunci yana da haƙƙi, kuma dangin da ke cin jarin mutum su ne ke tara masa wani in gobara ta cinye shagonsa. Dabarar ita ce a yanke wa zumunci kasonsa daga riba, a san iyakarsa, kada a yanka kazar da ke ƙwai don a fita kunyar baƙo.

Ni kaina sai da na sha kafin na gane. Na taɓa haɗa kuɗi da wani aminina muka fara kiwon kaji. Ba mu rubuta komai ba, domin a ganinmu rubutu tsakanin aminai rashin yarda ne. Da cuta ta shiga kajin aka yi asara, kowa ya tuna yarjejeniyar yadda ta fi masa daɗi. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani, amma kuɗin ya tafi, zumuncin ma ya daɗe yana jinya. Abin kunyar shi ne dukanmu mun san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba ya kore amana, gadinta yake yi daga mantuwa da son kai.

Kuɗin dare ɗaya

Tunda yarda ce jari, ba abin mamaki ba ne ɓarayin zamani su mai da ita abin farauta. A ƙarshen 2016 kamfanin zuba kuɗi na MMM ya rufe asusun mutane ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. A watan Afrilun 2025 wani irinsa, CBEX, ya yi ɓatan dabo da kuɗin jama'a. A tsakani an ga yadda a 2024 matasa, har da magidanta, suka shafe watanni suna dangwalar fuskar waya dare da rana da fatan fashewar wasu sulallan intanet, akasarinsu abin da suka samu bai biya kuɗin data da caji ba. Salon damfara irin ta MMM da CBEX ɗaya ne kullum: a biya na farko da kuɗin na baya, na farkon ya je ya jawo ƙaninsa da limaminsa da surukarsa. Ba kamfanin suka yarda da shi ba, shi suka yarda da shi. Ran da abin ya rushe, kuɗi kaɗan ne daga cikin asararsa. Ya sayar da abin da yaron Kantin Kwari ke shafe shekara bakwai yana tarawa.

Tambaya ɗaya tak ta isa ta tsare mutum: wannan riba daga ina take fitowa, wa ya sayi me? Falke ya san amsar, goggota ta san amsar. Duk harkar da ba a iya amsa wannan a cikinta da Hausar da kowa zai gane, to kai ne kayan sayarwar. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da wane mudu ake awo?

Saura babbar tambaya: mene ne ma nasarar? A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki da koyarwa a Arewa, ya fitar da wani ɗan nazari kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki. Halayen da ya tattaro sun haɗa da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a ciki. Amma duk wanda ya karanta jerin zai ga cewa rabinsa shi ne abin da maigidan Sabo da uwar adashi ke ci da shi. Halin da ke sa a ba mutum kaya bashi shi ne ke sa a ba shi aure, shi ne ke sa matarsa ta kwanta da kwanciyar rai in ya ce ya yi tafiya, shi ne ke sa 'ya'yansa su ɗauki maganarsa da nauyi. Mutum ba ya da hali biyu, na kasuwa da na gida. Wanda ya saba cewa "gobe" alhali ya san ba goben, a ko'ina haka yake.

Akwai kuma nasarar da ba ta bi ta kasuwa ko kaɗan. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983 bai bar abin a zo a gani ba, gidansa na Gwammaja shaida ne. Yau filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin sunansa suke ɗauke da shi, 'yan siyasa kuma har gobe suna rububin jingina kansu da shi. A ɗaya gefen, kowace unguwa ta san gidan attajirin da aka raba shagunansa wata shida bayan rasuwarsa, magada suka sayar, sunan ya bi ruwa, saboda ya tara kaya bai tara mutanen da za su riƙe su ba. Abin da ya bambanta gidan Ɗantata shi ne 'ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, tun suna samari aka sa su cikin harkar, suka koye ta kamar kowane yaron gida.

Saboda haka masu gardamar majalisa kowa ya riƙe guntunsa. Rabo ne ke zaɓar gidan da za a haife ka da shekarar da dogo zai iso garinku. Gumi ne ke koya maka bambanta shadda da hannu. Abin da ke hannun mutum kullum, ko yana da jari ko ba shi da shi, shi ne rarar dubu biyar ɗin nan da babu wanda ya san da ita.

Mu kuwa mun riga mun san ranar da ake rufe lissafi. In an idar da sallar gawa, kafin a ɗauki makara ko bayan an dawo daga maƙabarta, wani daga cikin dangi yakan miƙe ya ɗaga murya: duk wanda ya san yana bin marigayi bashi, ya zo ya same mu. Ba a tambayar gidaje nawa ya bari. Sai a yi tsit ana jira. Wani mamacin, tun kafin a watse an fara jan magada gefe ana raɗa. Wani kuwa shirun zai yi tsawo, har can daga baya wani dattijo da ba a san shi ba ya matso, ya ce shi ba bin bashi ya zo ba, shi ake bi: shekara ashirin da suka wuce marigayin ya ba shi kaya ba shaida ba takarda, da su ya kafu, ga ragowar kuɗin ya kawo.